Yadda Na Koyi Magana da Allah a Ɗakin Kakata

Assalamu alaikum. Ni mace ce, tela, ina zaune a Funtuwa da mijina da 'yata. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda labarin ya shafa suna nan da ransu, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu. Ina salla, ina azumi, amma ba ni da ƙungiya, ba ni da ɗariƙa, ba ni da majalisin da nake zuwa. Mutane da yawa suna ɗauka girman kai ne. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda aka yi, ko wata mai yoyon fitsari da ke kwance a ƙuryar gida yau za ta samu wanda zai karanta mata.

An haife ni a 1984 a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, ƙasar dawa da masara da auduga. Asalinmu Maguzawa ne. Wannan magana ce da ba a so a tayar a gidanmu, in yaro ya tambaya sai a ce masa ya je ya ɗebo ruwa. Kakata, wadda ta haifi Babana, ta musulunta ne da girmanta, lokacin da Sardauna yake rangadin musuluntar da mutane a farkon shekarun 1960. Takan ce an tara su a fili, aka biya musu kalmar shahada, aka ba su zane da carbi, aka sauya musu suna, kowa ya koma gona. Ƙanenta ya bi 'yan mishan ya zama Kirista. Yayansu kuwa har ya mutu bai bar yanka a gindin tsamiya ba. In ana biki duk sukan haɗu, su ci tuwo a akushi ɗaya.

Karatun Kaka bai wuce Fatiha da Ƙulhuwallahu ba, su ma a karkace. Mu yara mukan laɓe mu yi ta dariya. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne abin da take yi bayan ta sallame. Sai ta miƙe ƙafafu a kan buzu, ta hau magana da Hausa kamar da wani a zaune a gabanta: "Allah, Ka dai ga hadarin jiya ya yi gabas ya bar mu. Ni ban ce Ka yi ba daidai ba, amma dawa ta fara naɗe ganye. Ga akuyar nan kuma ta ƙi cin dusa." Haka za ta yi ta lissafi har ta gaji, ta shafa, ta tashi.

Ni kuwa 'yar islamiyya ce. Wasu samarin garinmu da suka yi karatu a birni suka buɗe ta, ni ce kan gaba a ajinmu. Na haddace hadisan Arba'una, na iya fitar da haruffa, har nakan zauna in ce zan gyara wa Kaka Fatiha. Takan bar ni in gama, sannan ta ce, "Kishiya, kin gama? To miƙo mini goro."

A 1999 aka yi mini aure, ina da shekara 15. Ba auren dole ba ne, ina son sa, shi ma yana so na. Da ciki ya tsufa a daminar 2000 aka mayar da ni gida goyon ciki. Naƙuda ta tashi da daddare. An riga an koya mini cewa haihuwar fari ba a yi mata raki, don haka na cije zane na yi shiru. Gari ya waye, rana ta faɗi, gari ya sake wayewa. Ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani, aka wanko rubutu na sha, aka jiƙo saiwoyi na sha. Da aka ga abin ya fi ƙarfin gida sai aka ce a jira izinin mijina, shi kuma yana can wata kasuwa, lokacin babu waya a hannun kowa. Da izini ya zo, rafi ya kawo ya yanke hanya. A amalanken shanu aka fitar da ni zuwa bakin titi. Abin da nake iya tunawa a tafiyar nan shi ne ƙarar ƙafar amalanke da hannun Iya a goshina.

Namiji ne. An ciro shi ba rai. Ban gan shi ba, an ce mini dai yana da gashi.

Bayan 'yan kwanaki da dawowarmu gida na farka na ji shimfiɗa a jiƙe. Na ɗauka ruwan biƙi ne. Ba shi ba ne. Fitsari ne yake zuba, ba na jin zuwansa, ba na iya riƙe shi, ko ina tsaye ko ina kwance. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayanin abin: in kan jariri ya daɗe a maƙale, yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya zube ya bar kafa. Wannan matsin ne kuma ya taɓa jijiyar ƙafata ta dama, na koma ina jan ta. Amma a lokacin babu wanda ya san haka a gidanmu. Aka ci gaba da yi mini wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ana dama mini kunun kanwa, safe da yamma, kamar akwai jaririn da zan shayar.

Mijina ya yi ta zuwa da farko, da sabulu da turare. Sannu a hankali ƙafarsa ta ɗauke. Takardata ma ƙanensa ne ya kawo wa Baba a zaure. Ba na riƙe da shi a zuciya yanzu. Yaro ne shi ma, kuma ba shi kaɗai yake yanke shawara a gidansu ba.

Wanda bai zauna da mai yoyon fitsari ba ba zai gane ba. Zarni ne da ba ya jin sabulu. Tsumma nake cusawa, in wanke, in shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, kafin ya bushe na jiƙa wani. Cinyoyina suka saɓule. Na rage shan ruwa don zubar ta ragu, ashe hakan ƙara wa fitsarin kauri da wari yake yi. Ƙannena suka daina cin abinci kusa da ni. Ɗakin Iya ɗakin baƙi ne, kowa nan yake shigowa, sai aka shimfiɗa mini leda da tabarma a ɗakin Kaka, can ƙuryar gida kusa da turken awaki.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya ni daban ne.

Da na ɗan samu ƙarfin ƙafa sai na ce bari in koma islamiyyar matan aure, ko zuciyata ta yi sanyi. Na yi wanka, na ninka tsumma, na fesa turare, na zauna a sahun baya. Ba a jima ba na ga ta kusa da ni ta ja jikinta. Ta gaba ta ɗora gefen hijabi a hanci. Kafin a tashi, fili ya buɗe kewaye da ni. Malama ta kira ni waje, da murya mai laushi, wallahi ba da wulaƙanci ba, ta ce, "Ki yi haƙuri ki zauna a gida har Allah Ya ba ki lafiya. Kin ga wurin nan akwai Alƙur'ani." Na ce to. Na dawo gida na roƙi Iya ta sa Baba ya tambayo mini hukuncin sallata. Iya ta faɗa wa Baba da kunya, rabi a rufe. Baba ya faɗa wa wani ɗalibi, shi ma rabi a rufe. Amsar da ta dawo mini ita ce, salla ba ta yiwuwa da najasa a jiki. Na yi alwala, kafin in kai raka'a ta biyu na ji ɗumi yana bin ƙafata. Na sake, haka. Ranar nan na naɗe dardumata na tura ta ƙarƙashin gadon Kaka.

Azumi ya zo, ina jin tarawihi ta lasifika. Salla ta zo, ƙawayena suka wuce Idi da sababbin kaya. Ni da na haddace hadisi arba'in, ina zaune a kan leda ina korar ƙuda.

Sai masu magani. Kowa da abin da ya gani a jikina. Malamin rubutu ya ce sammu ne daga dangin miji. Iya ta saci jiki da daddare ta kai ni wurin wata 'yar bori, ta dubi ƙafata ta ce Doguwa ce ta taɓa ni, wadda ake ce wa Inna, mai shanye ƙafa, sai an yi girka. Kuɗin da ta yanka ya fi ƙarfinmu. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne mai ruƙiyya. A lokacin ruƙiyya tana tashe, ana zuwa gidansa daga garuruwa. Ya ce duk inda aka kai ni a baya shirka ne, aljani ne ya aure ni ya kashe ɗan. Aka zaunar da ni a tsakar ɗaki, mata biyu suka danne mini kafaɗu, aka turara habbatus sauda har na daina ganin ƙofa, yana karatu da ƙarfi a cikin kunnena, yana tsawa: "Wane ne kai? Faɗi sunanka! Ta ina ka shiga?" Ni dai ina kuka ina cewa ni ce. Aka kawo tsumagiya. Fitsari yana bin tabarmarsa, almajiransa suna kallo. Da na ga babu ranar ƙarewa, sai na shaƙe murya na ƙirƙiro wani suna na faɗa, na ce na tuba, zan fita ta babban yatsa. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Baba ya biya da kuɗin ragonsa. A hanyar komawa gida zanena ya jiƙe kamar kullum.

Abin da na lura da shi, kowannensu yakan ce kada a sake kai ni wurin ɗayan. Kuma babu wanda ya taɓa tambaya ta ko ina barci.

Ba na barci. Wani dare cikin hunturu na tashi na ja ƙafa zuwa rijiyar bayan gida. Ba zan ɓoye ba, na san abin da ya kai ni. Na daɗe tsaye da hannu a kan gungumen bakin rijiya. Sai na ji tari a bayana. Kaka ce, da bargo a kafaɗa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Kishiya, in ruwa kike so akwai a randa." Ta kama hannuna muka koma.

Ta hura wuta a kasko, muka zauna. A daren nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. 'Ya'ya tara ta haifa, biyar ta binne, uku daga ciki a shekara guda lokacin baƙon dauro. An yi yanka a tsamiya ba su tashi ba. Bayan ta musulunta an yi rubutu, na ƙarshen bai tashi ba. Ta ce daga nan ne ta daina aika kowa, ta koma tana zuwa da kanta.

Na ce, "Kaka, ni ba ni da tsarki. Ba na iya ko raka'a biyu."

Ta ce, "Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo. Wa ya gina ki? Kina tsammani sai kin toshe za ki faɗa Masa?"

Na ce ban san da wace addu'a zan fara ba, duk waɗanda na haddace sun tsaya mini a wuya.

Ta ce, "Bar Larabcin nan tukuna. Faɗa Masa yadda za ki faɗa mini."

Ta juya ta kwanta, ta ba ni baya.

Abin da ya fara fitowa daga bakina ba yabo ba ne. Cewa na yi, "Me na yi Maka?" Na faɗa, na tsorata, na jira wani abu ya faɗo mini. Ba abin da ya faɗo. Sai na ci gaba. Na ce Masa na yi biyayya, na yi karatu, ban taɓa bin namiji ba. Na ce yaron nan ko fuskarsa ba a nuna mini ba. Na ce ina jin haushin Iya, ina jin haushin malama, ina jin haushin duk macen da ta wuce da goyo. Na yi ta faɗi har wutar kasko ta mutu. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba, kada wani ya ce na ce. Barci kawai na yi, irin wanda rabona da shi tun kafin naƙuda.

Daga ranar ya zame mini jiki. Wani dare ƙorafi, wani dare labari kawai, har na kama kaina ina faɗa Masa akuyar Kaka ta haihu. Bayan watanni na jawo dardumar daga ƙarƙashin gado, na shimfiɗa leda a kanta, na yi alwala na tayar da salla. Ɗumin ya zo a ruku'u kamar yadda ya saba, ban yanke ba. Da na sallame na ce, "Ga ta nan. In Ka karɓa, alhamdu lillahi. In ba Ka karɓa ba, ita ce gare ni." Ban tambayi kowa ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Hanyar asibiti ta zo ta inda ba a zata ba. A ƙarshen 2002 'yar ƙanen Kaka, Kirista, mai aikin jinya, ta kawo mana shinkafar Kirsimeti kamar yadda suka saba. Tana shiga ɗakin ta gane. Ta ce wannan ba iska ba ce, kafa ce, kuma ɗinke ta ake yi a Babbar Ruga, a Katsina. Baba ya yi ta jan ƙafa, domin a saninsa Babbar Ruga asibitin kutare ce, kuma ya gaji da kashe kuɗi. Kaka ta sayar da akuyarta da 'ya'yanta biyu, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce da shi, "Ni zan kai ta. In kana da magana ka faɗa wa uwarka." Bai ce komai ba.

Mun isa a farkon 2003. Asibitin yana bayan gari, a hanyar Batsari. Gaskiya ne da can na kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata irina, ya koma ɗinke su, ya kuma koyar da likitoci da yawa aikin. Ni abin da ya fara tsayar da ni a bakin ƙofa shi ne yawan matan. Na shekara biyu da wani abu ina zaton ni kaɗai Allah Ya yi wa haka a duniya. Sai ga su nan cike da baranda, Hausawa, Fulani, Buzaye, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Zamfara, kowace da robar fitsari tana riƙe da ɗan kwano. Akwai tsohuwar da ta fara yoyo tun kafin a haife ni. Babu mai toshe hanci. Wata ta matsa ta ce, "Zauna nan, 'yar uwa," cinyarta tana taɓa tawa. Rabon da wani ya matso kusa da ni da gangan, ban da Kaka, har na manta.

Dokar farko da aka ba mu ita ce shan ruwa, da yawa, tun daga asuba, akasin abin da na saba. Ranar aiki aka yi mini allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idona biyu ina jin maganarsu. Aka bar mini roba ta yi makonni. Ba a karɓi kuɗin aiki a hannunmu ba. Kafar ta rufe, amma in na yi tari ko dariya sai ya ɗan zubo, sai da aka sake wani aikin daga baya. Har yau in atishawa ta zo mini sai na matse ƙafa. Aka sallame mu da gargaɗi: babu kusantar namiji sai bayan watanni, kuma duk cikin da za a samu nan gaba a asibiti za a haife shi, ta hanyar tiyata.

A can ne kuma na ji abin da ya girgiza ni fiye da aikin. Akwai wata baiwar Allah daga Zariya a gadon da ke kusa da nawa, 'yar gidan malamai. Ta ga ina salla a kan leda, na ce mata ina dai yi ne, ban san matsayinta ba. Ta dube ni da mamaki. Ta ce ai hukuncin yana nan a cikin Risala, littafin da ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa: mai yoyon fitsari an so ya sabunta alwala a kowace salla, ya yi sallarsa. Lalura ce, ba a kama shi da abin da ba ya iya riƙewa.

Ta zaci zan yi murna. Ni kuwa juya fuska na yi bango na yi kuka mai zafi. Littafin nan akwai shi a garinmu. Na san zauren da ake karanta shi, na sha wucewa ta ƙofarsa da tallan gyaɗa. Ban ce malaman garinmu ba su sani ba. Tambayata ce ba ta isa gare su da kamanninta ba, ta bi ta baki uku, kowane baki yana jin kunyar ambaton abin. Amma a tsawon lokacin nan babu wanda ya tako ƙuryar gidanmu ya ce, yarinyar nan da ta fi kowa karatu, ina ta shiga? Wadda ta mayar da ni kan darduma ita ce tsohuwar da muke yi wa dariyar Fatiha.

Da na dawo a bushe, sai masu lada suka yi yawa. Mai ruƙiyya ya aiko cewa don ya kori aljanin ne hannun likita ya yi tasiri. Iya ta kai wa 'yar bori turare da farin zane a ɓoye, wai kada a bar bashi. 'Yar uwarmu mai jinya ta ce in zo cocinsu in ba da shaida, na yi mata godiya har ƙasa, na ce a'a. Islamiyya ma suka aiko in koma, har malama tana ba da misali da ni a kan haƙuri. Na koma na ɗan lokaci. Sahu ya matso, babu mai ja da baya. Amma lokacin garin ya rabu, masallaci ya zama biyu, karatun duk ya koma kan ƙabalu da sadalu, da wanda ake bi salla da wanda ba a bi, da wanda ake cin yankansa. Ina zaune ina jin ana auna sallar mutane, sai in tuna tawa a kan leda. Na kasa. Na daina zuwa ba tare da na yi faɗa da kowa ba.

Na koma Funtuwa wurin wata gwaggona na koyi ɗinki. A 2007 na auri wani mai gyaran keken ɗinki. Kafin a kawo kuɗin gaisuwa na zaunar da shi na faɗa masa komai, har da atishawar. Ya ce shi ma yana da basir. A 2009 aka ciro mini 'yata ta tiyata, da ranta da kukanta. Mijina ɗan ɗariƙa ne, ba ya fashin wazifa. Ya taɓa neman in karɓi wuridi, na ce ya bar ni yadda ya same ni, ya ce to Allah Ya sa mu dace. Bai sake tayar da maganar ba.

Kaka ta rasu a 2011. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ana kwashe kayanta sai aka jawo wata 'yar ƙwarya a ƙarƙashin gado, a rufe da faifai. A ciki akwai wuri, da ɗan ƙahon akuya, da wani jan ƙyalle da ya tsufa. Kafin a gama haɗa likkafani magana ta fita waje: tsohuwa ta mutu ba ta bar tsafi ba, ba a yi mata salla.

Ni na san ƙwaryar nan, na kwana kusa da ita shekaru. Kayan uwarta ne, su kaɗai suka rage mata. Takan buɗe ta wani lokaci ta duba ta rufe. Ba zan kuma yi wa mamaciya ƙarya ba: na taɓa ganin ta zuba nono a gindin tsohuwar tsamiyar gidansu. Da na tambaye ta, ta ce, "Gaisuwa ce." Ban san yadda Allah zai auna wannan ba. Na dai san wadda ta tashi cikin sanyi ta biyo ni rijiya.

Tsohon limamin garin ne ya raba gardamar. Ya ce shi ya shekara fiye da arba'in yana jin shahada a bakinta, zuciyarta kuwa bai gani ba, su ma ba su gani ba. Ya shiga gaba ya tayar da kabbara. Wasu suka bi shi. Wasu samari suka koma gindin darbejiya suka harɗe hannu, cikinsu har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Kaka ta goya. Ƙanenta Kirista, tsoho tukuf da sanda, yana zaune can gefe a kan dutse yana kuka, ba a bar shi ya taɓa makara ba. Ina leƙe ta katangar zana. A ranar na yanke wa kaina cewa ba zan taɓa shiga wani sahu da zai sa wata rana in tsaya a gindin bishiya ba.

Zaman da na zaɓa yana da tsada, kada in yaudari kowa. Matan ƙungiya suna da adashinsu, in ɗaya ta haihu ko aka yi mata rasuwa sai su cika gida da kwanuka. Ni in abu ya same ni, maƙwabta ne kawai da dangin miji. Akwai waɗanda suka ɗauke ɗinkinsu daga shagona. Wata dattijuwa da nake girmamawa ta ce mini addini ba a yin sa a ɗaka, albarka tana cikin jama'a, kuma wanda ya keɓe kansa Shaiɗan ne abokin shawararsa. Maganarta tana da gaskiya, takan dawo mini. Shi ya sa 'yata tana zuwa islamiyya, na kuma sa babanta ya nemo mata wadda za ta biya mata Ahalari da Risala, don in ranar tambaya ta zo mata ta buɗe littafi da hannunta. Ni kuma bayan isha'i nakan miƙe ƙafa in yi lissafina da Hausa. Tambayar da na fara yi Masa a ɗakin Kaka har yau ban samu amsarta ba. Wani lokaci nakan sake yin ta, in Ya ga dama wata rana Ya faɗa mini.

Yanzu an san ni a unguwa, in aka samu yarinya mai yoyo a ƙauyukan kusa sai a ce a je wurin tela. Ba na tambayar su wace aƙida suke bi, ba na kuma yi musu wa'azi. Ina zama ne kusa da yarinyar har jikina ya taɓa nata, in ce ta sha ruwa, in ce sallarta tana nan, sannan mu yi lissafin kuɗin mota. Hanyar Katsina ba kamar da ba ce, tun da 'yan bindiga suka addabi yankin Ƙanƙara da Batsari sai rana ta ɗaga ake tafiya, a kuma dawo kafin la'asar ta yi sanyi, amma ana zuwa. Watan jiya an kai ni wurin wata, ba ta fi shekara 16 ba, an ajiye ta a ɗakin da ake tara buhunan masara. Uwar ta yarda. Uban ya ce sai sun gama na gida tukuna, akwai wani mai magani da aka kwatanta musu. Na bar lambata wurin maƙwabcinsu, na ce kuɗin zuwa ni zan biya. Bai kira ba har yanzu. Ranar kasuwar garinsu zan rufe shago in sake komawa, wannan karon da mijina, ko maganar namiji za ta fi shiga kunnensa.